Tambaya da Amsa: Yadda ake cewa "don kada" da Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin rubuta jarrabawar WAEC, kuma nakan rikice duk lokacin da nake so in ce "don kada" ko "don gudun kada" da Turanci. Malaminmu ya soke mini jimloli biyu, wato "Hold the child lest he does not fall" da kuma "I will call you in case I arrive", amma bai yi mini bayani ba. A ina kuskuren yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malaminku yana da gaskiya a duka biyun, kuma zan fara da jimla ta biyu, domin ita ce ta fi kayar da ɗalibanmu.

Mutane da yawa suna ɗaukar "in case" daidai take da "if", alhali abin da ya raba su shi ne lokacin da ake yin aikin. Idan aka ce miki "Take an umbrella in case it rains", ana nufin ki ɗauki lema tun yanzu, tun kafin hadari ya haɗu, ko da za a yi ruwa. Ruwan ya sauka ko bai sauka ba, lemar tana hannunki. Idan kuwa aka ce "Take an umbrella if it rains", to ba za ki taɓa lemar ba sai ruwan ya fara sauka. Ta farko tanadi ce irin na ko-ta-kwana, ta biyu kuma sharaɗi ce. Saboda haka jimlarki tana cewa za ki buga waya tun yanzu domin wataƙila ki iso, wanda ba shi kike nufi ba. Abin da ya dace shi ne "I will call you when I arrive". Ki kuma lura cewa ba a kawo "will" bayan "in case", ko da abin da ake gudu bai auku ba tukuna, don haka "in case it rains" ake cewa, kuma idan labarin ya wuce sai a ce "I took an umbrella in case it rained".

A ganina, wani ɓangare na wannan ruɗani daga allunan gargaɗi ya samo asali. A manyan gine-gine za ki ga an rubuta "In case of fire, use the stairs", ma'ana idan gobara ta tashi a bi ta matakala. Wannan "in case of", mai ɗauke da suna a bayanta, ita ce ke da ma'anar "idan", kuma bai kamata a haɗa ta da waccan ba.

Ita kuwa "lest", korewar tana cikinta, kamar yadda take cikin "kada" a Hausa. Bahaushe yakan ce "riƙe yaron kada ya faɗi" ba tare da ya ƙara wata kalmar korewa ba, to haka ma a Turanci. Da kika sa "does not", sai maganar ta juye, ta zama kamar faɗuwar yaron kike so. Daidai shi ne "lest he fall" ko "lest he should fall", inda aikatau yake zuwa ba tare da ƙarin "s" ba. Kalmar tsohuwa ce, ta cika fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki James ta 1611, kuma a yau an fi ganin ta a "Lest we forget", wato kada mu manta, wadda ake rubutawa a wuraren tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi a Birtaniya da Ostireliya da Kanada, musamman ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Shawarata ita ce ki san ta sosai saboda jarrabawa, amma a rubutunki na yau da kullum ki ce "so that he does not fall", wadda kowa ke ganewa.

Idan mai aikin mutum ɗaya ne a sassan jimlar biyu, ana iya taƙaitawa da "so as not to" ko "in order not to", kamar a "I left early so as not to miss the bus". Idan masu aikin sun bambanta, sai a koma ga "so that".

Akwai kuma aikatau biyu da suke yawan fitowa a tambayoyin jarrabawa. "Avoid" tana nufin mutum ya kauce wa abu da kansa, kuma aikatau da ke bin ta yana ƙarewa da "ing", don haka "avoid drinking dirty water" ake cewa, ba a cewa "avoid to drink". "Prevent" kuwa hana wani ne ko hana abu aukuwa, kuma idan an ambaci wanda aka hana, mafi aminci a jarrabawa shi ne a kawo "from", kamar a "The net prevents mosquitoes from biting the child".