Shin jirgi marar matuƙi da na haɗa da hannuna zai iya gadin gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gidana yana da fili mai faɗi, kuma a can ƙarshen filin akwai ɗakin ajiya da ba na iya hango shi daga inda nake kwana. Ina da ɗan ilimin haɗa kayan lantarki, don haka nake so in haɗa ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara wanda zai riƙa kewaya gidan duk dare, ba tare da na kashe kuɗi masu yawa ba. Waɗanne kaya zan nema, kuma shin zai yi mini aikin da nake buƙata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Haɗa jirgin abu ne mai yiwuwa ga wanda ya iya liƙa wayoyi da dalma kuma yake da haƙurin karanta bayanin kowace na'ura kafin ya jona ta. Abin da ba zai yiwu ba shi ne jirgin ya kwana yana kewaya gidanka, kuma gara ka san dalilin tun yanzu, kafin ka sayi ko da farfela ɗaya, domin a kan wannan dalilin za ka tsara komai.

Matsalar tana ga batir. Ɗauki batirin litiyam irin wanda ake kira LiPo mai ɗakuna uku, wato ƙananan batura uku da aka jona a cikinsa, wanda kowane ɗaki yake ba da volt 3.7, jimilla volt 11.1, mai ɗaukar caji 5000mAh. Ƙarfin da ke cikinsa bai wuce awa-wat 55 da ɗoriya ba, wato abin da zai ba da wat 55 na sa'a guda, kuma ba a zuƙe shi duka, domin yin haka yana kashe shi da wuri. Kashi 80 cikin ɗari ne kawai naka, wato kusan awa-wat 44. Jirgi mai farfela huɗu da nauyinsa ya kai kilo ɗaya da ɗan ƙari yana cin wat 150 zuwa 200 don ya tsaya cak a sama kawai, ba tare da ya yi faɗa da iska ba. Idan ka raba, za ka ga minti goma sha biyar ne ko kusa da haka. Cajin wannan batirin cikin aminci yana ɗaukar sa'a guda ko fiye. Daren sa'a goma sha biyu yana nufin sauka da canjin batir kusan sau hamsin, kuma duk wanda zai yi wannan aikin ai ya riga ya zama mai gadin da kansa. Ƙara girman batir ba ya warware matsalar sai kaɗan, domin nauyin da ya ƙaru shi ma wuta yake ci.

Saboda haka aikin da ya dace da irin wannan jirgin shi ne leƙe. Wata na'ura ce dabam za ta kwana a farke: kyamarar tsaro da aka kafa a katanga, ko na'urar jin motsi mai gane ɗumin jikin mutum da aka sa a ƙofar ɗakin ajiyar, tare da fitilar da ke kunna kanta. Idan ɗayansu ya yi ƙara, sai ka tashi jirgin daga bakin ƙofarka, cikin ƙasa da minti ɗaya ya isa wurin, ka ga ko mutum ne, ko dabba, ko reshen bishiya da iska ta kaɗa, alhali kai kana cikin gida ba ka jefa kanka cikin duhu ba. Wannan amfani ne babba, kuma shi ya sa nake ganin aikin ya cancanci wahalarsa. Amma idan kuɗin da ke hannunka ba zai isa duka biyun ba, ka fara da kyamarorin katanga da na'urorin jin motsi, jirgin ya jira.

Game da kayan, ina ba da shawarar firam, wato gangar jikin jirgin da ake ɗora komai a kai, mai hannu huɗu wanda tsakanin injin da abokinsa na kusurwa ya kai milimita 450. Shi ne girman da masu koyo suka fi amfani da shi, saboda haka hannunsa da ƙafarsa ba sa wahalar samu idan sun karye, kuma za su karye. Injunan da suka dace da shi su ne ƙanana marasa buroshi masu lamba 2212 da saurin juyi kusan 920KV, da farfela mai inci goma, da na'urar sarrafa gudun inji mai ɗaukar amfiya 30 ga kowane ɗaya. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce, ƙarfin ɗagawa na injunan huɗu a haɗe ya ninka nauyin jirgin sau biyu, ta yadda zai tsaya a sama yana amfani da rabin ƙarfinsa kawai, sauran rabin kuma ya zama abin da zai kare kansa da shi idan iska ta buge shi. Ka auna kowane kaya a sikeli kafin ka ɗora, har da wayoyi da maɗauri, domin giram ɗin da ake rainawa su ne suke taruwa su cinye mintunan tashi.

Ƙwaƙwalwar jirgin ita ce wurin da bai kamata a yi tsumulmula ba. Nemi allon sarrafa tashi na dangin Pixhawk, ko wani da ke ɗaukar manhajar ArduPilot ko PX4, manhajoji biyu da duka kyauta ne kuma a buɗe suke ga kowa. Manhajar Betaflight da ta yi suna a wajen masu tseren jirage tana da kyau a fagenta, amma ba a yi ta don jirgin da zai bi hanyar da aka zana masa ba. Da ArduPilot, ta cikin manhajar kwamfuta mai suna Mission Planner ko QGroundControl, za ka iya sa alamomi a taswirar gidanka, ka ce wa jirgin ya tashi zuwa mita ashirin, ya je saman ɗakin ajiya, ya tsaya daƙiƙa talatin, ya dawo. Za ka kuma iya zana masa iyaka a taswira wadda ba zai tsallake ba. Duk wannan ya dogara ne ga na'urar GPS mai haɗe da kamfas, da rimot mai aiki a zangon 2.4GHz, da na'urar aiko da hoto wadda galibi take aiki a zangon 5.8GHz don kada su yi karo da juna.

Zan ɗan tsaya a kan kamfas, domin shi ne yake kayar da jiragen masu koyo fiye da yadda ake zato. Manyan wayoyin da ke ɗauko wuta daga batir suna haifar da maganaɗisu a kewayensu, kuma yana ƙaruwa daidai lokacin da injuna suka ɗauki wuta. Idan kamfas yana kusa da su, sai ya riƙa nuna arewa inda ba arewa ba. Alamar a bayyane take: ka sa jirgin ya tsaya wuri ɗaya, sai ka ga ya fara zagaye a hankali, da'irar tana ƙara faɗi, gudunsa yana ƙaruwa, har ya bugi katanga idan ba ka karɓe shi da hannu ba. Maganin shi ne a ɗaga GPS da kamfas a kan ɗan sanda sama da jikin jirgin, a murɗe wayar wuta ja da baƙa tare, sannan a saita kamfas ɗin a fili, nesa da mota da ƙarfen gini da rufin kwano. Shi kansa GPS na talakawa yana iya kuskuren mita biyu ko uku, kuma kuskuren yana ƙaruwa a kusa da dogayen gine-gine da bishiyoyi, don haka kada ka zana hanyar da ta bi ta wani matsatsin lungu, kuma wurin saukarsa ya zama fili mai sarari ta kowane ɓangare.

Kyamara ita ce inda burin mutane ya fi yin karo da gaskiya. Ƙaramar kyamara mai araha tana ba da hoto mai kyau da rana, amma da dare ba za ta nuna maka komai ba sai duhu mai ɗigo-ɗigo. Hanyoyi uku ne a gabanka. Za ka iya haskaka filin da fitilu masu kunna kansu idan sun ji motsi, wadda ita ce mafi sauƙi kuma tana korar ɓarawo tun kafin jirgin ya tashi. Za ka iya ɗora wa jirgin ƙaramar fitila mai ƙarfi, sai dai tana cin batir. Ko kuma ka nemi kyamarar gane zafi, irin ƙaramar nan ta FLIR Lepton, wadda babbar cikinsu take da ɗigon hoto 160 sau 120 kacal. Wannan za ta nuna maka farin tabo mai siffar mutum yana motsi a cikin duhu ko a bayan ciyawa marar kauri, amma ba za ta nuna maka fuskarsa ba, kuma ba ta gani ta cikin gilashi. Ga mai son sanin ko akwai mutum a wurin, ta wadatar. Ga mai neman shaidar da zai kai wa hukuma, kyamarar katanga da ke daidai tsayin fuska ta fi ta nesa ba kusa ba. Ka kuma sani cewa na'urorin aiko da hoto na analog masu araha ba sa ɓoye saƙonsu, duk mai na'urar kama zangon a kusa zai iya kallon tsakar gidanka tare da kai.

Idan ka gama haɗawa, gwajin farko a kan tebur ake yin sa, kuma a cire farfela duka huɗu. Manna ɗan selotef a kan kowane inji don ka ga inda yake juyawa: biyu da ke fuskantar juna ta kusurwa su bi hannun agogo, sauran biyun su saɓa masa, daidai da zanen da manhajar ta nuna. Idan ɗaya ya juya ba daidai ba, musanya biyu daga cikin wayoyinsa uku. Bayan haka, yayin da injunan suke juyawa, kashe rimot ɗin da gangan, ka duba a allon kwamfuta ko jirgin ya gane cewa sadarwa ta yanke kuma ya shiga matakin da ka saita masa, wato komawa inda ya tashi ko sauka nan take. Saita tsayin dawowar ya wuce bishiya mafi tsawo a gidan, domin jirgin ba ya ganin abin da ke gabansa. Haka kuma ka saita ya dawo da kansa idan kowane ɗakin batir ya sauka zuwa kusan volt 3.5. Sai bayan duk wannan za ka mayar da farfela, ka fita fili da rana, babu yara ko dabbobi a kusa, ka fara da tsayin mita biyu ko uku. Farfela mai inci goma tana yanka nama har ƙashi, kuma ba ta jiran mutum ya janye hannu. Tashin dare ya zo ne bayan hannunka ya saba sosai da na rana, har kana iya sauke jirgin ba tare da taimakon GPS ba.

Batirin da kansa haɗari ne a cikin gidan da kake son karewa, kuma a nan ne araha ba ta ado. Yi masa caji da caja mai daidaita ɗakunansa, kada kowane ɗaki ya wuce volt 4.2, a kan siminti ko cikin jakar da ba ta kama wuta, kana wurin, kuma kada ka bar shi a caji ka kwanta. Duk batirin da ya kumbura ko ya sami lotsawa bayan faɗuwa, aikinsa ya ƙare. Akwai kuma wata sarƙaƙiya da ta shafi aikin tsaro musamman: LiPo ba ya son zama cike na kwanaki, an fi son ajiye shi a kusan volt 3.8 a kowane ɗaki, alhali kai kana buƙatar jirgin da ke shirye a kowane dare. Mafita ita ce batir biyu ko uku da ake juya su, ɗaya a cike, saura a matakin ajiya, kana sane da cewa wanda ke cike zai tsufa da wuri. Ruwan sama da iska mai ƙarfi kuwa suna hana irin wannan jirgin tashi gaba ɗaya.

Sai batun doka, wanda ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wajibi ne ka tuntuɓi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarka kafin ka sayi kaya, domin a wasu wurare har shigo da su yana buƙatar izini. Wasu ƙa'idoji sun yaɗu sosai: kada a wuce tsayin mita 120, kada jirgin ya ɓace wa idon mai tuƙa shi, kada a tashi kusa da filin jirgin sama. A Amurka, jirgin da ya haura giram 250 sai an yi masa rajista, kuma duk tashin da ba na nishaɗi ba yana buƙatar takardar shaidar tuƙi. A Tarayyar Turai, kyamara kaɗai ta isa ta wajabta wa mai jirgin rajista ko da jirgin bai kai wannan nauyin ba, sai dai idan na wasan yara ne, kuma tashin dare yana buƙatar koriyar fitila mai walƙiya. Jirgin da muke magana a kai ya ninka giram 250 sau huɗu ko biyar. Sharaɗin kasancewa a gaban ido yana nufin cewa jirgin da zai tashi da kansa kana barci, ko da ka iya haɗa shi, a mafi yawan wurare ya saɓa wa doka sai da izini na musamman.

Haƙƙin maƙwabta ma yana nan, kuma ina ɗaukarsa da nauyi ƙwarai. Daga tsayin mita ashirin kyamara tana hango tsakar gidan da ke bayan katangarka, inda mutane suke zaune cikin sirrinsu. Karkatar da kyamarar ta kalli ƙasa, ja iyakar taswirar ta tsaya 'yan mitoci kafin katanga, ka sanar da maƙwabtanka abin da kake yi da lokacin da za su iya jin ƙararsa, domin ƙarar tana da yawa a tsakar dare. Kada ka ɗaura wa jirgin wani abin cutarwa, kada kuma ka bi mutum da shi idan ya tsallaka waje. Idan ka hango baƙo a filin, tsayar da jirgin a sama inda hannu ko sanda ba za su kai ba, bar kyamarar tana ɗauka, kunna duk fitilun gidan, ka kira jami'an tsaro, sannan ka sauke jirgin tun batir bai kai matakin da zai tilasta masa dawowa da kansa ba.