Kun Tambaya, Mun Amsa: Injin wanke kwanonina ya ƙi aiki bayan an sauya masa kart

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan wurin sayar da abinci a unguwar Yantala, nan Yamai, kuma shekara biyu ke nan da na sayi injin wanke kwanoni wanda aka taɓa amfani da shi, irin waɗanda ake kawowa daga Turai. A watan jiya aka ɗauke wuta yana tsakiyar wanki, da aka dawo da ita sai ya mutu murus, ko fitila ɗaya ba ta kamawa. Mai gyara ya ce kart, wato allon da ke sarrafa injin, shi ne ya ƙone, ya samo mini wani a kasuwar Katako wanda aka cire daga wani inji mai kama da nawa. Yanzu fitilu suna kamawa, amma da zarar an danna maɓallin farawa sai ya rubuta i91 ya tsaya, ko ruwa ba ya ja. Mai gyaran ya ce in ƙara kuɗi a sayo wani kart ɗin. Shin in saya, ko kuwa in haƙura da injin? Daga wata mai karatu a Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Kada ki ba da kuɗin nan tukuna. Abin da ya fi gaggawa shi ne ki aika yaro wurin mai gyaran ya karɓo miki tsohon kart ɗin da aka cire, tun kafin ya ɓace cikin tarkacen shago, domin mai yiwuwa maganin matsalarki yana jikinsa.

Ba ki faɗi sunan kamfanin da ya ƙera injin ba, amma lambar da kika rubuto ta nuna danginsa. Injunan Electrolux da AEG da Zanussi su ne ke fara lambobin gargaɗinsu da ƙaramin harafin i: i10 na nufin ruwa ba ya shiga, i20 na nufin ruwa ba ya fita, i30 kuma ruwa ya zuba a ƙasan injin har na'urar kariya ta tashi. Waɗanda suka fara da i9 ba su da alaƙa da famfo ko tiyo ko matata. Suna magana ne a kan bayanan da aka zuba a cikin allon sarrafawa, wato abin da masu gyara ke kira kart. Saboda haka duk wanda ya fara kwance miki tiyo yana neman toshewa, ki san cewa ya kama hanyar da ba za ta ɓulle ba.

Kamfanonin nan ba sa ƙera wa kowane samfurin inji nasa allo dabam. Allo guda ake bugawa da yawa a sa shi a injuna iri-iri, sannan a rubuta a cikin ƙwaƙwalwarsa ko wane inji zai yi wa aiki: tsarin wanki nawa ne a jikinsa, wane irin maɗumamin ruwa gare shi, yana da na'urar da ke auna dauɗar ruwa ko babu, maɓallai nawa ne a fuskarsa, da makamantansu. Duk lokacin da aka kunna injin, allon yana fara bin waɗannan bayanai yana lissafa su, ya gwada sakamakon da wata lamba da aka ajiye masa tun daga masana'anta. Idan lissafin bai fito daidai ba, ko kuma abin da aka rubuta masa ya saɓa da sassan da ya tarar an jona masa, sai ya ƙi buɗe ruwa ya ƙi kunna maɗumami. Ni a ganina wannan ƙin nasa alheri ne, domin allon da bai san girman maɗumamin da ke gabansa ba, gara ya tsaya da ya yi aiki da ka.

Ke nan allo biyu za su iya zama launi ɗaya, girma ɗaya, ramukan wayoyi ɗaya, mai gyara ya ɗora su a tafin hannu ya rantse cewa tagwaye ne, amma abin da ke cikinsu ya bambanta. Kama da wane ba ta wane. Idan aka koma Katako aka zaɓo na uku da ido kamar yadda aka zaɓo na biyu, sa'a kawai ake nema da kuɗinki.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a gwada kafin a yanke hukunci, kuma ba sa cin ko dala. A zare filogin injin daga bango, a bar shi kamar minti goma, sannan a mayar. Wani lokaci allon yana rikicewa ne na ɗan lokaci, ya dawo hayyacinsa. Idan lambar ta sake fitowa, mai gyara ya zare filogi, ya buɗe, ya bi kawunan wayoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman siririyar wayar da ta haɗa babban allon da na fuskar ƙofa. Ƙurar hunturu da raɓar tururi da kyankyasai, waɗanda ke son ɗumin wurin ƙwarai, sukan bar datti ko tsatsa mai launin kore a kan ƙananan haƙoran ƙarfen, kuma haƙori ɗaya da bai zauna ba ya isa ya hana allunan biyu fahimtar juna. Ya ɗauki hoto da waya kafin ya cire komai.

Yanzu mu koma kan tsohon kart ɗin. Yadda kika kwatanta mutuwarsa, wato wuta ta dawo sai komai ya yi tsit, ya fi kama da ƙonewar ɗan sashen da ke karɓar wutar bango ya rage ta zuwa ƙaramar wutar da ƙwaƙwalwar allon ke amfani da ita. Sau da yawa abin da ke lalacewa a nan bai wuce ƙwaya ɗaya mai baƙin jiki da 'yar rezistans ɗin (mai rage gudun wuta) da ke kusa da ita ba, kuma idan aka duba da kyau akan ga tabon ƙuna ko ɗan tsagu a wurin. Ƙwaƙwalwar kuwa, wadda ke ɗauke da bayanan injinki na asali, sau da yawa tana nan lafiya lau. Wannan aiki ne na masu gyaran talabijin da rediyo waɗanda suka iya lida da awon wuta, ba lallai sai mai gyaran firigo ko injin wanki ba. Idan aka farfaɗo da shi, babu sauran maganar saiti, tunda da ma nasa ne.

Idan kuwa ƙunar ta yi yawa har ta ci hanyoyin tagullar da ke jikin allon, sai a nemi wani, amma da lamba. Ki buɗe ƙofar injin ki duba gefenta, za ki ga wata takarda a manne mai rubutun PNC, da lambobi tara waɗanda a injunan wanke kwanoni suke farawa da 911, sai wasu biyu a bayansu. Ki ɗauki hotonta ki tura wa duk wanda zai sayo miki, ko a nan ko a Faransa, ki kuma jaddada masa cewa wanda aka riga aka zuba wa bayanan wannan lamba kike so, domin ana sayar da sababbin alluna waɗanda babu komai a cikinsu, sai mai na'urar kamfani ya jona su da kwamfuta ya rubuta musu. Masu injin Bosch ko Siemens su nemi E-Nr da FD a irin wannan wuri. Ƙa'idar ɗaya ce.

Saura abin da ya kashe allon farko, wanda idan ba a kula ba zai kashe na gaba. Injunan Turai an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240, daidai da tamu, amma ba su saba da yankewa da dawowa a jere ba, balle a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi kan haura digiri 40 kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki. Injin wanke kwanoni yana jan wajen wat 2000 idan yana ɗumama ruwa, don haka na'urar daidaita wuta da za ki sa masa kada ƙarfin da aka rubuta a jikinta ya gaza VA 3000, kuma a ba shi nasa soket a bango shi kaɗai. Ƙaramin janareto ba zai ɗauke shi ba. Ki gaya wa yaran da ke miki aiki cewa da zarar an ɗauke wuta su zare filoginsa, idan ta dawo su jira minti biyar ta zauna kafin su mayar.