Kafin ka biya kuɗin jif: amsoshin tambayoyinku kan kiranye da lahanin mota

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, duk a kan manyan jif-jif na alfarma da ake shigowa da su tokumbo. Na fara da ta Alhaji domin ita ta fi buƙatar dogon bayani.

Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tanadi in sayi Lexus GX 460 ƙirar 2010, 'yar Kwatano. Na gani na yaba, har mun daidaita a kan kuɗi. Sai babban ɗana ya ce ya karanta cewa an taɓa dakatar da sayar da ita a Amurka wai tana iya kifewa. Dillali ya ce zancen yara ne. In fasa ko in biya? Ɗan kasuwa, Kano.

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yaron nan albarka, gaskiya ya faɗa maka, sai dai rabin labarin ya samo.

A watan Afrilun 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke sayen motoci da kuɗinta tana gwada su, ta ce wa jama'a kada su sayi GX 460. A gwajin, direba yakan shiga kwana da gudu ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya. Sai aka ga bayan motar yana zamewa waje har ta kusa juyawa ta gefe kafin na'urar da ke daidaita ta ta farga ta kama. Ba ta kife a filin gwajin ba. Abin da aka ji tsoro shi ne a kan titi na gaske tayar baya ta daki dakalin gefen hanya ko ta sauka daga kwalta, ga mota mai tsawo da nauyi. Toyota, mai kamfanin Lexus, ta tsayar da sayarwa nan take, ta yi wa kimanin 9,400 kiranye a Amurka (wato ta nemi masu su su mayar da su a gyara lahanin), a duniya baki ɗaya kuma kimanin 34,000 idan aka haɗa da wasu Prado. Gyaran bai wuce sabunta manhajar kwamfutar motar ba, kuma a watan Mayu mujallar ta sake gwaji ta janye gargaɗinta.

To ka ga ba a ce motar ba ta gyaruwa ba. Tambayar da ta rage ita ce: wannan da ke gabanka, an kai ta an yi mata?

Amma ni, Alhaji, ba kwanar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Jakar iskar da ke gaban fasinja ce. GX 460 daga ƙirar 2010 zuwa 2017 tana cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata na Japan. A cikin jakar akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke hura ta, dangin wanda ake takin zamani da shi. Idan ya shekara da shekaru yana shan zafi da laima sai ya lalace, ranar da aka yi karo ya tashi da ƙarfin da ya wuce ƙima, ya fasa gwangwanin, ɓarɓashin ƙarfe ya yi kan fuska da wuyan wanda aka sa jakar domin ta kare shi. Kimanin jaka miliyan 67 aka yi wa kiranye a Amurka kaɗai, mutane fiye da 25 suka mutu a can, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Zafi, laima da tsufa su ne ke ta da wannan cuta. Ka tuna motarka ta haura shekara goma sha, ta kwana a bakin teku a Kwatano, yanzu kuma za ta riƙa yini a ranar Kano gilashi a rufe. Kujerar nan kuwa Hajiya ce za ta zauna a kai.

Ga inda tokumbo ke cutar da mu. Idan aka yi kiranye a Amurka, kamfani yana aika wasiƙa gidan wanda sunansa ke kan rajistar motar. Mai motar ya sayar, ta shiga gwanjo, ta hau jirgin ruwa. Wasiƙa tana can tana neman wani gida a Texas, mota tana nan tana kai yara Islamiyya. Babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Don haka kafin ka ba da ko sisi, ka je da ɗanka ku kwafi lambar casis, wadda Amurkawa ke kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ku tabbata biyun sun zo ɗaya, sun kuma yi daidai da na takardun kwastan. Na goma a jerin shi ke nuna shekarar ƙira: A tana nufin 2010, B 2011, C 2012. Wannan kaɗai ya isa ya tona motar da aka sauya wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Daga nan ku shiga shafin hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ku rubuta lambar a sashen kiranye. Kyauta ne. Zai nuna duk kiranyen da ba a riga an yi gyaransa ba. Sai dai yakan tsaya a shekara 15 da suka wuce, saboda haka zancen kwanar 2010 yana iya ƙin fitowa. Ku sake gwada lambar a shafin Lexus na Amurka, ku kuma sayi rahoton tarihin motar irin na Carfax.

Idan ta fito fes, ka biya, Allah ya sa alheri. Mota ce mai juriya. Idan jakar iska ta fito ba a canza ba, ka sani dokar gyara kyauta dilolin Amurka ta ɗaure, motar da ta tsallako teku ta fita daga inuwarta. Ka kai lambar wurin wakilin kamfanin na hukuma ka ji abin da za su iya da nawa zai ci, a cire kuɗin daga cinikin. In dillali ya ƙi, jif ba ta ƙare a kasuwa ba. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yarda a sayo maka tsohuwar jakar iska da aka ciro daga wata motar. Sau da yawa ita ma Takata ce, shekarunsu ɗaya da taka.

Masu odar mota kai tsaye daga gwanjon Amurka kuwa, ku ne da dama a hannu. Kiranye mota yake bi, ba mai ita ba. A duba lambar tun tana can, a nemi a kai ta wurin dila kafin a ɗora ta a jirgi.

Malam, maigidana ya saya mini Mercedes ML 350 ta 2008, da ita nake kai yara makaranta. Kwana biyun nan idan na taka birki ina jin wani huci kamar iska na fita, kuma sai na danna da ƙarfi sosai take tsayawa. Makanikenmu ya ce in ci gaba da hawa zuwa ƙarshen wata. Uwar yara huɗu, Kaduna.

Hajiya, don Allah ki ajiye makullin motar nan yau. Gobe yara su tafi a wata motar ko a Keke.

Abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da lahanin da ya sa Mercedes ta yi wa motoci kimanin 292,000 kiranye a Amurka a watan Mayun 2022: ML, GL da R na ƙirar 2006 zuwa 2012. Ba a ce wa masu su su kawo idan sun samu sarari ba, cewa aka yi su daina tuƙi sai an duba. Wata guda bayan haka hukumar motoci ta Jamus ta sanar da kiranye na duniya da ya kusa mota miliyan ɗaya.

Matsalar tana jikin busta, tukunyar ƙarfen nan da ke bayan birki wadda ke ninka ƙarfin ƙafarki. An naɗe mahaɗarta da wata roba, ruwa yana shiga ƙarƙashin robar ya kwanta, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye. Idan ta huda, iska ta riƙa shiga, birki ya yi tauri. In ta ci sosai kuma aka taka da ƙarfi cikin gaggawa, tukunyar tana iya rabewa, birki ya tafi gaba ɗaya. Huci da sauyin yadda birki ke amsa ƙafa su ne ainihin alamun da kamfanin ya ce a lura da su. Motar da ta yi zama a jihohin Amurka masu ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a titi, tsatsa ta fi saurin cin ta.

Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, domin tiyon iska da ya tsage ma yana kawo irin wannan. Amma duk wanda ne daga ciki, ba abin jiran albashi ba ne. Ki gaya wa maigida a kira wanda ya san Marsandi ya zo gida, ko a jawo motar zuwa gareji. A cire robar a ga ƙarfen da ido. In akwai tsatsa mai zurfi a canza bustar, kada a yi mata walda ko a shafe ta da gam.

Yallaɓai, ina son Lexus RX 350 ta 2010, amma da na shiga shafin hukumar Amurka na tarar da ƙorafe-ƙorafe rututu a kanta, har gabana ya faɗi. Wata jif ɗin ta Turai da na duba ƙorafinta kaɗan ne. Ita ta fi lafiya ke nan? Ma'aikaci, Abuja.

Ƙanena, ka yi abin da ya dace da ka duba, saura ka san yadda ake karanta abin da ka gani. Abubuwa uku ne a shafin, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙorafi kowa yana iya shigarwa, kuma ana wallafa shi ba tare da an tabbatar ba. Motar da aka sayar da yawa dole ta fi tara ƙorafi, RX kuwa ta daɗe tana cikin jif na alfarma da suka fi kasuwa a Amurka. Kada ka ƙirga, ka karanta. Mutum ɗari da ke kukan rediyo ko fatar kujera ba su kai goma da ke cewa sitiyari ya ƙame ana cikin gudu ba. Abin nema shi ne magana ɗaya da ke ta maimaituwa daga bakin mutanen da ba su san juna ba. Irin wannan ce ke sa ofishin binciken lahani na hukumar ya buɗe bincike, ya nemi takardu daga kamfani, in abin ya yi nauyi ya kai ga gwajin injiniyoyi. Bincike yana iya rufewa ba a samu komai ba. Kiranye shi ne matakin da aka amince akwai lahani mai haɗari, kuma doka ta ba kamfani kwana biyar na aiki ya sanar da hukuma daga ranar da ya gano.

RX ɗin da kake so tana da nata. A watan Yunin 2012 an yi wa RX 350 da RX 450h na 2010 kimanin 154,000 kiranye, domin shimfiɗar ƙafa tana iya zamewa ta danne totur. An ci Toyota tarar dala miliyan 17.35 saboda jinkirin sanarwa. Kada ka raina shimfiɗa. A watan Agustan 2009, kusa da San Diego, wani jami'in 'yan sandan hanya da iyalinsa, su huɗu, sun rasu a cikin Lexus ES 350 da aka ba shi aro, wadda aka sa wa shimfiɗar roba ta wata jif da ba girmanta ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda al'adarmu ce mu ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa don gudun ƙura da taɓon damina. A ɓangaren direba guda ɗaya tak ake sawa, mai daidai da motar, a maƙale ta a ƙugiyoyinta. Kuma duk mai tuƙi ya riƙe wannan: in totur ya maƙale, a danne birki da ƙarfi kada a riƙa sakinsa, a mayar da giya N, a gangara gefe sannan a kashe. Mai maɓallin tayarwa, in dole ta sa a kashe ana tafiya, sai an danne shi na daƙiƙa uku.

Ka duba lambar casis. In an yi gyaran, ni zan saye ta.

Malam, yayana ya sayo Lexus LX 600 ta 2022 daga Dubai. Mun ji an ce injinta yana da matsala, mun sa lambar a shafin Amurka bai nuna komai ba. Hankalinmu ya kwanta? Mai karatu, Maraɗi.

Tukuna, ɗan'uwa. Shafin nan motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka ya sani, shirunsa a kan motar Dubai ba shaida ba ce. Labarin da kuka ji kuwa yana da tushe: a watan Mayun 2024 Toyota ta yi wa Tundra da LX 600 na 2022 da 2023 kimanin 102,000 kiranye a Amurka, saboda ɓarɓashin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun daga masana'anta, wanda ke iya sa shi ƙwanƙwasa ko ya mutu ana tsakiyar gudu. Maganin da kamfanin ya tsayar shi ne sauya injin ɗungurungum.

Yayanka ya aika lambar casis ga wakilin Lexus na ƙasar da aka fara sayar da motar, ya nemi amsa a rubuce ko tana cikin wani kiranye. Kafin amsa ta zo, in ya ji ƙwanƙwasa a injin ko ya ga ƙarfinta ya ragu, kada ya kama hanyar Yamai da ita.