Kalmomin Turanci da ake siffanta mai girman kai da danniya da su

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce shugaban sashenku a wani kamfani a nan Jidda yana yi muku tsawa a gaban jama'a, ba ya barin kowa ya kai ƙarshen maganarsa, kuma kana so ka kai ƙorafi da Turanci amma kalmar da ta dace ta shige maka duhu. Na daɗe ina tafinta a wani rumbun kaya kusa da tashar jiragen ruwa, tsakanin Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin, kuma irin wannan takarda ta sha biyowa ta hannuna.

Da farko ka guji kalmar proud. Na taɓa sanya ta a ƙorafin wani lebura da nufin girman kai, sai na ga manajan da ya karanta yana gyaɗa kai cikin jin daɗi, domin Bature yakan faɗe ta a kan ɗansa idan yana alfahari da shi. Hakkin bawan Allah nan ya kusa salwanta a dalilina, abin yana damuna har yau.

Wadda ta yi daidai da mutakabbir na Larabci ita ce arrogant, daga arrogare na Latin, wato mutum ya ba kansa matsayin da ba a ba shi ba. Haughty mai ɗaga hanci ne, amma a littattafai aka fi cin karo da ita. Akwai kuma condescending, wadda nake so ka lura da ita sosai, saboda mai wannan hali ba ya ɗaga murya, sai dai ya yi maka bayani a hankali kamar yana koya wa yaro baƙaƙe, ka fito ofishinsa kana jin an muzanta ka alhali ba ka da zagin da za ka kafa hujja da shi. Hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane, ya haɗa halayen nan duka.

Sai dai abin da ka bayyana ya wuce jiji da kai, ya kai ga danniya, don haka domineering ce kalmarka. Tushenta dominus ne, wato ubangida, mutumin da yake juya abokan aiki kamar barorin gidansa. Overbearing ma ta yi. Kada ka rubuta bossy, ba ta da nauyi, har a kan yara ake faɗinta.

Idan kuwa kai kaɗai ya tasa a gaba kullum, to sunan abin bullying, kuma ofishin kula da ma'aikata ya fi ɗaukarta da muhimmanci. Ka faɗe ta sau ɗaya, sannan ka bi ta da ranar da abin ya faru, da wurin, da ainihin abin da ya furta, da waɗanda suke tsaye a lokacin. Kafin ka miƙa takardar, ka turo mini in duba maka ita.