Amsa ga mai tambaya kan yaron da ke birgima tun da aka yi masa ƙanwa

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 3 ya koma birgima da cizo tun da kika haihu, duka kuma bai hana ba. Ba zai hana ba. Kishi ne ke cinsa, bakinsa kuma bai kai ya faɗa ba, sai jiki ya faɗa a madadinsa. A wasa ne zai iya fitar da shi.

Ki ware masa minti 10 kullum a lokaci guda, misali bayan la'asar idan jaririya ta yi barci. Waya ta zauna a ɗaki. Shimfiɗa tabarma, ki zube 'yar tsana babba da ƙarama, ɗan ƙyallen goyo, kofunan roba da ɗan yumɓu. Shi zai zaɓi wasan, naki kawai ki riƙa faɗin abin da kika gani: "Ka goya ta," "Babbar ta ture ƙaramar." Ban da tambaya, ban da gyara.

Nan ne aka fi ɓata abin. Da yaro ya make 'yar tsana sai uwa ta ce "Kai, ƙanwarka ce fa!" Shi ke nan ya gane ko a wasa ba a son jin abin da ke ransa. Gara ki ce: "Babbar ta ji haushi, an ɗauki ƙaramar an bar ta." Sunan abin da yake ji kike ba shi, kuma yaron da ya iya cewa "na ji haushi" cizonsa na raguwa. Amma idan hannu ya kai jikin mutum, wasa ya tsaya nan take: "Haushi ba laifi, duka ne ba a yi."

Don koya masa numfashi a hankali mai kwantar da rai, ki haɗa ruwa kofi 1, sabulun ruwa cokali 2 da sukari cokali 1, ki lanƙwasa tsinken kwakwa ko roba ya yi zobe, ya riƙa hura kumfa. Babbar kumfa ba ta fita sai da huri a hankali, abin da ake so ke nan. A koya masa yana cikin daɗin rai. Yaron da ke tsakiyar birgima ba ya jin kira, sai dai ki zauna kusa ki tsare shi daga jin ciwo.

Saura minti 2 a tashi daga wasan ki gaya masa, in ba haka ba tashin ma sabuwar rigima ce. Kada kuma ki soke wasan don ya yi laifi da safe. Makon farko rigimar na iya ƙaruwa, gwada ki yake yi, ki ci gaba.

Idan yana buga kansa har ya ji rauni, ko ya shiɗe, ko maganar da ya iya ta ɓace, wannan ya wuce wasa, a kai shi wurin likitan yara.