Yarana na jiran babansu ya dawo daga hanya, alhali ya rasu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Winnipeg, ƙasar Kanada. Maigidana direban tirela ne, yana ɗaukar kaya tsakanin Manitoba, Saskatchewan da Alberta. Wata uku da suka wuce zuciyarsa ta buga da daddare a inda ya ajiye mota zai kwana, kusa da Regina, can aka yi masa sutura. Mutum ne mai barkwanci, in yana gida dariya ba ta yankewa. In yana hanya yakan kira ta bidiyo ya nuna wa yara gonakin alkama, ya danna wa ƙaramar hon har ta toshe kunne tana ƙyalƙyata dariya. Yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar 5. Surukata da 'yan'uwa na gida suka ce kada in faɗa musu, in ce yana hanya, a hankali za su manta. Yanzu ƙaramar kullum tana bakin taga, babban ya daina surutu, ya koma fitsarin kwance. Hotunansa ma na ɓoye. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari, ke kuma Ya ba ki haƙurin rashi.

'Yar'uwa, ki faɗa musu, cikin makon nan.

Babban ya riga ya sani. Ɗan shekara 9 ya ga baƙi sun cika gida suna gaisuwa, ya ga kin shiga takaba, ya ga hotuna sun ɓace, ga wayar da ke ƙara kowane dare ta yi tsit. Ya fahimci abu biyu: Baba ya mutu, kuma a gidan nan ba a maganar. Shi ya sa ya kulle bakinsa, yana lallaɓa ki kamar yadda kike lallaɓa shi, jikinsa kuma yana fitar da abin cikin dare.

Wannan magana ta "ya yi tafiya" kuwa, na gaji da jin ta. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini yaron da aka yi wa ita ba, kuma masu yin ta da kyakkyawar niyya suke yi, suna cewa yaro bai san mutuwa ba. Gaskiya ne 'yar shekara 5 ba ta gama gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ba. Yawancin yara sai tsakanin shekara 5 zuwa 7 suke fara riƙe wannan. To, wadda take laluben abin da kanta, sai a zo a ɗora mata ƙarya a kai? A gidan direba kuma abin ya fi muni, domin ƙaryar ta yi kama da gaskiya. Yarinyar nan ta saba: Baba ya tafi Calgary, kwana huɗu ko biyar ya dawo da tsaraba. Duk tirelar da ta hango, zuciyarta sai ta buga. In kwanaki suka yi yawa za ta nemo wa kanta dalili, kuma yara masu irin shekarunta kansu suke ɗora wa laifi: na yi rashin ji, Baba ya yi fushi da ni, shi ya sa ko waya ba ya kira. An guje mata kukan maraici, an ba ta zaman wadda ubanta ya gudu ya bari.

Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Wata rana a harabar masallaci wani yaro zai ce mata "ai babanki ya mutu", ko ta ji a bakin wata gwaggo a waya. Ranar za ta yi rashi biyu, ga uba, ga yarda da maganar uwa. Na sha zama da manya masu 'ya'ya waɗanda har yau abin da ke ci musu rai shi ne shekarun da suka yi suna jiran wanda ke kabari, kowa a gida ya sani ban da su.

Haka "ya yi barci", sai yaro ya ƙi kwanciya. Haka "Allah Ya ɗauke shi don Yana son shi", sai yarinya ta shiga fargabar kada Allah Ya so mamarta. Kuma don Allah, in babban ya fara firgita cikin barci, kada a ce miki babansa ne ke kiran sa, a aiko da turaren hayaƙi daga gida. Masu sayar da irin wannan har ta WhatsApp suke bin zawarawa. Ki yi masa addu'ar kwanciya, ki kai shi wurin likitan iyali a auna fitsari, don ciwon sanyin mafitsara da ciwon sukari ma suna dawo da fitsarin kwance. Kada a tsawata masa.

Ki zaunar da su da rana, a gida, tare da wani babba da suka saba da shi. Ki yi amfani da kalmar: "Baba ya mutu. Zuciyarsa ta daina aiki. Ba ya jin ciwo, ba ya jin sanyi, kuma ba zai dawo ba. Ba laifin kowa ba ne." Ki ce musu kin ce yana hanya ne don kin ji tsoro, ki ba su haƙuri. Ƙaramar na iya cewa "to" ta koma wasa, gobe ta tambaya yaushe zai dawo. Ki maimaita amsar, ko sau hamsin ne. In kuka ya zo miki a gabansu, ki yi.

Sannan ki fito da hotunan. Wani bincike da aka yi a Boston ya bi yara 125 da suka rasa uwa ko uba har shekara biyu, ya ga da yawansu suna riƙe wani abu na mamacin, suna tuna shi, suna mafarkinsa, kuma halin da mahaifin da ya rage yake ciki yana da babban tasiri a kan yadda suke farfaɗowa. Saboda haka ki kula da kanki ma. Ki ba babban hular babansa ko agogonsa. In akwai bidiyon hon ɗin nan a waya, ku kalla, ku yi dariya, ba rashin alhini ba ne. Ki kira abokan tuƙinsa su ba yaran labarin abin da yake yi a hanya. In kin fita takaba, Regina kusan kilomita 570 ce daga Winnipeg, ku je su ga kabarin, su yi masa addu'a da bakinsu. Ki sanar da makaranta. In bayan wata shida babban bai saki jiki ba, ko ya fara cewa yana so ya bi babansa, kada ki jira, ki nemi likitan ƙwaƙwalwar yara.

Surukarki kuma ki bi ta a hankali, ɗa ta rasa. Ki tuna mata cewa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) da kansa ya je gidan Asma'u 'yar Umais, ya ce a kawo masa 'ya'yan Ja'afar, ya rungume su idanunsa na zubar da hawaye, ya sanar da gidan rasuwar, sannan ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci.