Tambaya da Amsa: Manhajar Rakiyar Wasan Labari

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Mukan taru mu buga Dungeons & Dragons, inda kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi, jagora yana ba da labari. Ina son in haɗa mana manhajar waya. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da takardar jarumi, wadda ake rubuta ƙarfinsa da lafiyarsa da kayansa a kanta, domin ita ce fensir da abin gogewa suke cinyewa har ta huje. Idan manhajarka ta riƙe waɗannan lambobi, kuma ta iya jefa ƙwayar wasa mai fuska 20 ta haɗa sakamakon da kanta, ta riga ta biya buƙata. Ka gina ta yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta ajiye bayanai a cikin wayar, saboda data tana ƙarewa, sabis kuma yana ɗaukewa ana tsakiyar faɗa da dodo.

Batun haƙƙin mallaka ya fi muhimmanci. Wasan ya fito a 1974, yanzu kuma mallakar kamfanin Wizards of the Coast ne. A 2023 kamfanin ya saki dokokin asali, SRD 5.1, ƙarƙashin lasisin Creative Commons, don haka kana iya amfani da su muddin ka ambaci tushensu, amma sauran abin da ke cikin littattafansu ba naka ba ne. Game da manhajar kuwa, a ganina, kada ka sa mata taswira ko sauti tukuna.